Harbin Gwangwani Ranar Lahadi: Shawara Ga 'Yan Uwana Samarin Sabo

  

Yau ina so ne in taɓo wata magana da ta daɗe tana yawo a majalisunmu na nan Sabon Shagamu, wato maganar samarin nan da ke ɗaukar bindigar toka ranar Lahadi da yamma su shiga daji bayan gari, su jera gwangwanayen madara a kan kututture, su yi ta gwada saiti har magariba ta kawo jiki. Wanda ya fi kowa kaɗo gwangwani a saya masa tsire da lemo, wanda ya yi ta ɓarin albarushi a banza kuma a yi ta masa tsiya har wata Lahadin. Dattawanmu sun rabu biyu a kai. Wasu sun ce a hana kwata-kwata, wasu sun ce a ƙyale yara su sha iska. Ni dai a nawa ɗan guntun tunanin, kada a hana, amma kuma kada a bar abin yadda yake tafiya yanzu.

Da farko dai ita bindigar toka, wadda wasu ke kira harba-ka-ruga, ba baƙuwa ba ce a wurin Bahaushe. Duk wanda ya taɓa kallon Hawan Sallah a Kano ko Katsina ko Zariya ya san 'yan bindigar sarki, ya ji ƙararta, ya shaƙi hayaƙinta. Maharbanmu da ita suke shiga daji tun kaka da kakanni. Su ma masu masaukinmu Yarabawa haka abin yake, maharbansu suna da ƙungiya, suna da shugaba da suke kira Oluode, kuma ba a bikinsu sai an ji ƙarar bindiga. Hatta sunan da ake kiranta da shi a Turancin Najeriya ya samo asali ne daga Turawan Denmak da suka riƙa sayar da irinta a gaɓar tekun Afirka ta Yamma, musamman wajen Ankara ta ƙasar Gana. To abin da ya yi wannan daɗewa a hannun jama'a, ba a wayi gari a ce laifi ne saurayi ya so ya iya shi ba.

Kuma wasan yana da amfaninsa. Bindiga ce da ba ta son gaggawa. Sai ka ɗura albarushi ta baki, ka danna, ka sa harsashi, ka sake dannawa, sannan ka samu harbi ɗaya tak, in ka kuskure sai ka sake sabon lale. Mai garaje ba ya cin gwangwani. Yaron da ya wuni yana ɗaure huhun goro ko yana dako a kasuwa tun Litinin har Asabar, in ya samu inda zai zauna da 'yan uwansa a yi raha a koyi natsuwa, ai ya fi masa zaman shagon caca ko bin masu shan maganin tari.

Amma fa jama'a mu gaya wa kanmu gaskiya, mu ba a Bunkure muke ba, ba a Ɗambatta muke ba. A ƙarshen watan Maris na 2025, ana saura kwanaki kaɗan Ƙaramar Sallah, 'yan sintiri suka tare wata babbar mota a garin Uromi na jihar Edo. Cikinta akwai maharba 'yan jihar Kano da suka taso daga jihar Ribas za su gida yin Sallah. Da aka ga bindigogin toka a kayansu sai aka yi musu ihun masu garkuwa da mutane, aka kashe mutum 16, aka cinna musu wuta. Allah ya jiƙansu da rahama. Waɗannan bayin Allah ba su harbi kowa ba, ganin bindigar kawai aka yi. To ina ga a ce manomi yana cikin gonar rogonsa ya ji harbi goma a jere daga cikin daji, ya leƙa ya hango samari takwas suna Hausa? Kafin ku gama tattara gwangwanayenku labari ya kai ga 'yan Amotekun, ya shiga WhatsApp, kuma ba za a ce wasa kuke ba, cewa za a yi an gano sansani.

In wuta ta tashi kuma ba masu harbin kaɗai za ta ci ba. Iyayenmu har yau suna ba mu labarin rikicin watan Yuli na 1999 a nan Shagamu, wanda ya taso a kan bikin Oro, aka yi asarar rayuka da dukiya, har ramuwar gayya ta kai Kano. Na kasuwar Shasha a Ibadan a watan Fabrairu na 2021 kuwa da wayonmu aka yi shi, daga cacar baki tsakanin mutum biyu aka ƙone shaguna da gidaje. Tsohon da ke sayar da albasa da matar da ke tuyar ƙosai ba su san an je harbin gwangwani ba, amma su za su kwana a barikin 'yan sanda da 'ya'yansu. Hausawa suka ce idan gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Na san wani zai ce, to tun da haka ne a hana mana, a huta. Matsalar ita ce hanin ba ya hanawa. Yau sarkin Hausawa ya ce an hana, gobe yaran su ƙara nutsawa cikin daji inda ba mai ganinsu, su riƙa ɓoye bindiga cikin buhun gawayi. Abin da ake yi a ɓoye shi ya fi kama da rashin gaskiya, kuma shi ya fi saurin jawo zargi.

Ga abin da nake gani ya fi. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta raba bindigogi kashi uku, ta sa masu ɗuri ta baki a kashi na uku, kuma lasisinsu a hannun kwamishinan 'yan sandan jiha yake. Saboda haka duk wanda ba shi da takarda ya ajiye bindiga tukuna, komai iya saitinsa, ya bi ta hannun shugabannin maharba a nema masa. Sannan masu wasan su rubuta sunayensu su kai wa sarkin Hausawa, shi kuma ya ɗauki dattawa biyu su je wurin Baale na ƙauyen da dajin yake, da Oluode, da DPO, a nemi izini a tsayar da wuri ɗaya da rana ɗaya da lokaci ɗaya. Mafi kyau ma a gayyaci maharban Yarabawa a riƙa yi tare. Wanda kuka ci tsire ɗaya da shi ranar Lahadi, shi zai fara tsaya muku ranar da wani ya ce bai san ku ba.

Wannan ba sabon abu ba ne a duniya. A Amurka akwai ƙungiyar masu harbi da irin wannan bindiga mai ɗuri ta baki da aka kafa tun 1933, suna taruwa a wani ɗan ƙauye mai suna Friendship a jihar Indiyana, da iyalansu, a fili ɗaya sananne, da alƙalan da ke kula da tsari. Abin da ya sa maƙwabtansu ba sa firgita shi ne kowa ya san ranar, kowa ya san wurin.

Sai kuma kiyaye rai a wurin wasan kansa. A jera gwangwani a gaban tudu ko ramin da aka haƙi ƙasa, ba ta fuskar gona ko hanyar rafi ba. Mutum ɗaya ke harbi, sauran duk suna bayansa. Ba a shan taba kusa da albarushi. In an ja kunama ba ta tashi ba, a bar bakinta yana kallon tudu a jira, kada wani ya ce zai leƙa ciki, domin takan yi jinkiri sannan ta tashi. Kada a cika mata ɗuri don neman ƙara, ƙirar maƙera ce, bututun yana fashewa ya tafi da yatsun mutum. Sannan don girman Allah a raba wannan wasa da gwajin maganin bindiga. Sau nawa muke ji a rediyo an ce wani ya sha magani ya ce a harbe shi, aka harba ya faɗi matacce, mai harbin kuma ya ƙare a kurkuku?

Ina roƙon iyayenmu, musamman Mai Martaba sarkin Hausawa da limamanmu, su kira yaran nan a zauna kafin wata Lahadin, a saurare su, a tsara musu. Ku kuma 'yan uwana samari, ku tuna neman abinci ya kawo iyayenmu garin nan, kuma sai da zaman lafiya ake cin kasuwa.

Allah ya tsare mu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin. Sai mun sake haɗuwa.

Naku,
Ɗan Mai Goro, Sabon Shagamu.