Wa ya ji da kunnensa?

Ya kai mai karatu, ka san hanyar Ƙonni. Daga Tawa sai Badagishiri, sai Tsarnawa, sai Ƙonni. In ka ƙetare iyaka, ga Sakkwato gabanka. Mutanen can danginmu ne. Harshe guda, aure guda, kasuwa guda. Abin da ya faru can, kamar bayan gidanmu ya faru.

Ranar alhamis 12 ga watan Mayu 2022 anka kashe wata yarinya a Sakkwato. Sunanta Deborah Samuel. Kirista ce, tana karatu a makarantar horon malamai ta Shehu Shagari. Ƴan ajinsu suna da zaure a WhatsApp, inda suke aika ma juna labarin karatu ta salula. Ta yi magana a ciki, tana ƙorafi a kan saƙonnin addini da ake turowa. Sai anka ce ta zagi Annabi, tsira da aminci su tabbata gare shi. Masu gadin makaranta sunka ɓoye ta cikin wani ɗaki, amma taro ya fi ƙarfinsu. Anka jawo ta waje, anka jefe ta da duwatsu, anka ɗora mata tayoyi, anka sa wuta.

Tsaya, kada ka rufe littafin. Na san abin da ke zuciyarka. Ni ma Musulmi ne, kuma zagin Annabi yana yi mini ciwo kamar yadda yake yi maka. Ban ce zagi abu ne mai kyau ba. Tambaya kawai nike yi. Wane alƙali ya zauna da yarinyar nan? Wa ya ce mata: “Faɗi naki mu ji”? Cikin masu jifa, mutum nawa sunka ji maganar da kunnensu? Ko akuya anka sace a kasuwar Tawa ranar Lahadi, sai an kai magana gaban sarki ko jandarma, a kira shaidu. Ashe ran ɗan Adam bai kai akuya ba?

Fadar Sarkin Musulmi ta yi tir da kisan. Anka kama mutum 2. Ba a tuhume su da kisan kai ba, sai da tada hankalin jama'a. A farkon 2023 kotu ta sallame su, don masu gabatar da ƙara ba su zo ba.

Wani zai ce: “To ai da akwai doka mai tsanani, da mutane ba su ɗauki hukunci a hannunsu ba.” Na sha jin wagga magana. Mu duba ta. Tun daga shekarar 2000 jihohi 12 na arewacin Najeriya sunka kafa shari'a, har da Sakkwato da Kano. A Kano dokar ta ce wanda ya yi ɓatanci ga Annabi a kashe shi. To, kisan titi ya tsaya? Bai tsaya ba. A watan Yuni 2016, a kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano, anka kashe wata tsohuwa ƴar kasuwa, Bridget Agbahime. Kirista ce, shekararta 74. Mutum 5 da anka gurfanar, kafin ƙarshen shekarar an sake su.

A ganina doka irin wagga ba ta kashe wuta, itace take ƙara mata. Yaro ya ji cewa hukuma ma kisa ta yanke, sai ya ce: “Me nike jira?”

Yanzu ka ga yadda dokar kanta take aiki. Ranar 10 ga watan Agusta 2020 wata kotun shari'a a Kano ta yanke ma wani mawaƙi hukuncin rataya. Sunansa Yahaya Sharif Aminu, shekararsa 22. Shi ba Kirista ba ne, Batijjane ne. Waƙar bege ya yi, ta yawata a WhatsApp, anka ce ya wuce gona da iri. Tun kafin a kai shi kotu an ƙone gidan iyayensa. An yi masa shari'a babu lauya. A ranar nan kuma, kotun ta ɗaure wani yaro shekara 10, don wata magana da ta fito bakinsa suna gardama da abokinsa. A watan Janairu 2021 kotu ta gaba ta saki yaron. Ta soke hukuncin Yahaya, ta ce a sake shari'a. Amma har shekarar 2025 yana kurkuku.

Ka lura da waɗanda abin ke faɗa ma. Ɗalibar da ke nesa da gida. Tsohuwa baƙuwa. Yaro. Mai ɗariƙar da wasu ba su so. Mafi yawansu ba su da kowa bayansu. Kura kau ta san gidan mai babbar sanda, ba ta zuwa can.

Kuma kada ka ce: “Ni ba ruwana, ni Musulmi ne.” Usman Buda Musulmi ne, mahauci. A watan Yuni 2023 gardama ta haɗa shi da wani a mayankar Sakkwato. Anka ɗaga murya anka ce ya yi ɓatanci. Nan take anka jefe shi har ya mutu. Wagga kalma, da zarar ta fita, ba a tambayar me ya haɗa mutane. Mai bin ka bashi zai iya faɗinta. Wanda kuke rikicin gona ma zai iya. Kafin gaskiya ta fito an yi jana'iza.

Mu a Nijar ba mu da dokar kisa a kan wanga al'amari, kuma ina roƙon kada a kawo muna ita. Amma kada mu yi alfahari, mu ma mun taɓa. A watan Janairu 2015 wata jarida a Faransa, Charlie Hebdo, ta buga zanen da ya ɓata ma Musulmi rai ƙwarai. Ranar 16 ga wata wuta ta tashi a Damagaram, washegari a Yamai. Mutum 10 sunka mutu. A Yamai kaɗai, ƴan sanda sun ce an ƙone coci 45. To, wa ya yi zanen? Turawa ne a Paris. Wa anka ƙone ma ɗakin ibada? Ƴan Nijar da baƙinmu, waɗanda ko jaridar ba su taɓa gani ba. An bar jaki ana dukan taiki. Shugaban ƙasa na lokacin, Mahamadu Isufu, ɗan Dandaji nan cikin Adar, ya ce masu wanga aiki ba su gane komi ba a cikin Musulunci. Kuma akwai Musulmin da sunka buɗe ƙofa sunka ɓoye maƙwabtansu Kirista. Allah shi saka musu.

Nan Adar mun daɗe muna zama da wanda ba namu addini yake bi ba. Akwai azna masu riƙon al'adar kakanni, kamar na Masalata kusa da Ƙonni. Akwai asibitin Galmi, wanda Kirista sunka buɗe tun 1950. Wa bai san wanda anka yi ma aiki can ba? In ka kai mara lafiya, ba ka tambayar likita ko ya yi salla.

Kusa da Galmi ɗin nan kuma akwai Maratta, inda anka haifi Shehu Usman Ɗan Fodiyo a 1754. Ka tuna, akwai lokacin da jama'ar Shehu su ne marasa ƙarfi. Sarkin Gobir Nafata ya kafa musu doka: kada namiji ya naɗa rawani, kada mace ta yi lulluɓi, kada wanda bai gaji Musulunci ba ya shiga. Tsanani ya yi ta ƙaruwa, har Shehu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804. Kakanninmu sun ɗanɗani zafin dokar da mai ƙarfi ke yi ma addinin mara ƙarfi.

Yau ma akwai inda muke ƴan kaɗan. Kowace shekara bayan girbi, ɗiyan Adar suna tafiya cin rani. Daga Kaita, daga Tamaske, daga Barmu, sai Abijan, sai Ikko, sai Kamaru. A wasu unguwannin can, ɗanka shi kaɗai ne ke shimfiɗa tabarma bakin titi ya yi salla. Bai iya harshensu sosai ba, ba shi da dangi kusa. A ce wata rana ciniki ya haɗa shi da wani, mutumin ya ɗaga murya ya ce: “Wanga Bahaushe ya zagi addininmu!” Kai kana nan Tawa kana jiran ya aiko kuɗin hatsi. Me za ka so mutanen kasuwar nan su yi kafin wani ya duƙa ya ɗauki dutse?