Masanin harshe a ƙungiyar masu ƙera wasan kwamfuta

A shekarar 2005 wasu ɗaliban makarantar DigiPen da ke Redmond a Amurka suka haɗa wani ɗan ƙaramin wasan kwamfuta mai suna Narbacular Drop, a matsayin aikinsu na kammala karatu. Kamfanin Valve ya gani ya yaba, ya ɗauke su aiki gaba ɗayansu, kuma daga wannan tushe aka fitar da Portal a 2007. Dabarar ƙofofi biyu da ake shiga ɗaya a ɓullo ta ɗaya, tasu ce tun suna makaranta. Amma abin da ya zauna a zukatan jama'a shi ne muryar GLaDOS, na'urar nan mai zaƙin baki da mugun nufi, wadda marubuci Erik Wolpaw na cikin waɗanda suka tsara kalamanta.

Duk da haka, idan ɗalibai suka taru za su ƙera wasa, a kan nemi mai rubuta umarnin kwamfuta, da mai zane, wani lokaci da mai kiɗa. Ɗalibin ilimin harsuna sai an gama a kira shi, a miƙa masa jerin kalmomi a ce ya fassara kafin gobe. Wannan tsari kuskure ne, kuma Hausa ce ke fara tona asirinsa.

A ce ƙungiya ta zaɓi mayar da dara cikin wayar salula. Ɗan wasa ya jera ƴaƴa uku, sai saƙo ya fito. Me zai ce? Faransanci da Ingilishi suna iya yi wa mace da namiji magana da lamiri guda. Hausa kuwa sai ta zaɓa tsakanin "ka ci" da "kin ci". Ke nan dole wasan ya tambayi jinsin mai wasa tun daga shafin farko, ya adana amsar, ya riƙa dubawa a kowane saƙo. Wannan shawara ce ta ginin wasan, ba ta fassara ba, kuma wanda ya ankara da ita a makon ƙarshe sai ya warware ɗinki. Masu neman sauƙi za su ce a sa "kun ci" a huta, alhali mutum ɗaya ne riƙe da wayar.

Haka mahaɗi yake. Mai tsara umarni ya saba manna sunan abu da sunan mai shi, na'ura ta fitar da jimla. A Hausa "takobin sarki" ne amma "garkuwar sarki", don haka kowane suna a rumbun wasan yana buƙatar a rubuta jinsinsa a gefensa. Jam'i kuma ba ya bin hanya ɗaya: gida gidaje, doki dawaki.

Ana iya cewa ƙungiyar ɗalibai ƙarama ce, lokaci kaɗan ne, kuma yawan baki na jawo gardama. Gaskiya ne, shi ma masanin harshe sai ya rage dogon bayani, ya koyi cewa maɓalli ba ya ɗaukar fiye da kalma biyu. Sai dai gardamar zaman farko ta fi arha. A nan ne za a gwada ko salon haruffan da mai zane ya zaɓa yana da ɓ, ɗ da ƙ, ko kuwa ƴan akwatuna zai nuna a gurbinsu. A nan ne kuma za a tsayar da ƴ irin ta Nijar ko 'y irin ta Najeriya, tun da wasan da aka ƙera a Maraɗi ba zai kwana biyu bai isa wayoyin Katsina ba.