Hoton tsohon yayi: Wane tarihi ake sayarwa a Fagge da Sabon Gari?

Tun da kyamara ta koma aljihun kowa, kasuwar masu shagon hoto a Kano ta ja baya, har ta kai ga hoton fasfo da na biki ne ke riƙe da yawancinsu. Mafitar da wasu matasan masu sana'ar suka samo ita ce hoton tsohon yayi. Ana shirya saurayi ko amarya cikin suturar zamanin kakanni, a jera akwatin rediyo da fitilar ƙwai da kwanonin jere, a fitar da hoton baƙi da fari, sannan ya bazu a Instagram da TikTok.

Fagge da Sabon Gari sun dace da wannan ciniki. Fagge zangon ayarin Azbinawa ne tun kafin zuwan Turawa. Sabon Gari kuwa an kafa shi ne wajen 1913 domin baƙi 'yan Kudu, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Tsofaffin gine-gine na nan, Kantin Kwari na kusa, teloli kuma ba su da iyaka. Kowane hoto ɗaya kan ciyar da tela da mai kwalliya da mai hayar kaya.

Inda gizo ke saƙar shi ne kakin soja. Dokar Najeriya ta hana farar hula sanya shi ba da izini ba, kuma rundunar soji ta sha yin gargaɗi a kan haka, musamman ganin yadda 'yan bindiga a Zamfara da Katsina ke ɓad da kama da shi. Mai hoton da ya rataye kaki a shagonsa yana kasada da jarinsa, yana kuma jefa abokin cinikinsa cikin haɗari.

Akwai kuma matsalar da ta fi ta doka zurfi. Kaki mai dabbare-dabbare da ake gani yau ba shi ne na "sojan da" ba. Dakarun mulkin mallaka an san su ne da jar dara da gajeren wando. Su ne suka ci Kano ranar 3 ga Fabrairu, 1903, ƙarƙashin Kanar Morland, lokacin da Sarki Alu ya tafi Sakkwato, kuma galibinsu 'yan ƙasa ne da hafsoshin Turawa ke jagoranta. Magadansu ne aka kai Bama a Yaƙin Duniya na Biyu. A Sabon Gari kuwa, kaki na tuna wa wasu iyalai kashe-kashen 1966. Wanda ya sa kaki don ado, wanne daga cikin waɗannan sojoji yake kwaikwayo? Shi da mai ɗaukarsa ba safai suke tambaya ba.

Laifin ba nasu ba ne su kaɗai. Matashin da ke biyan kuɗi don ya yi kama da kakansa yana da ƙishirwar sanin tarihi, amma tsofaffin hotunan da za su shayar da shi suna Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa da Arewa House a Kaduna, nesa da wayar da yake rayuwa a cikinta.

Hani kaɗai ba zai warware wannan ba. Ya kamata Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano ta ɗora hotunanta a intanet tare da bayanin shekara da wuri, ta kuma haɗa kai da rundunar soji wajen fitar da ƙa'ida bayyananniya kan suturar tarihi da za a iya ɗinkawa don hoto da fim. Idan ba haka ba, nan da shekara hamsin jikokinmu za su buɗe waɗannan hotuna su ɗauka haka Kano ta kasance.