An cire cutar, kada kunya ta kulle 'yan'uwanmu a ɗaki

Ranar wata Juma'a na ɗauko kawuna a mota muna bin Gate City Boulevard a nan Greensboro. Kafin mu kai Coliseum sau biyu ya sa na tsaya a gidan mai. Da ya dawo na biyun, sai ya ce: “Ɗana, mayar da ni gida kawai. Na haƙura da masallacin.” Wata takwas ke nan da aka yi masa tiyatar ciwon daji na dubura. Mu duka mun ɗauka ya warke, ashe shi kaɗai yake ta fama.

Abin da ke damunsa sanannen abu ne a wurin likitoci, suna kiransa LARS. Dubura ita ce ma'ajiyar bayan gida. In aka yanke wani sashe nata aka haɗe hanji, ma'ajiyar ta ragu, jijiyoyin wurin ma kan taɓu, musamman in an gasa wurin da haske kafin aiki. Sai mutum ya riƙa zagayawa sau da yawa a jere, ya kasa riƙe iska, wani lokaci ma ya ɓata wando. Yawanci abin kan lafa cikin shekara ɗaya zuwa biyu, wasu kuma yakan zauna musu.

Ni a ganina shirunmu ya fi cutar illa. Akwai taimako: maganin tsayar da ciki irin su Imodium bisa shawarar likita, gyaran cima, atisayen ƙarfafa tsokar ƙugu, har da wankin hanji da ruwa. Amma likita ba boka ba ne. In ka ce masa “lafiya lau” alhali ba lafiya ba, me zai yi maka? Wanda Turanci ke ba wa wahala, ya nemi tafinta a asibiti, kada ya dogara da ɗansa, don ba kowace magana uba ke iya faɗa a gaban ɗa ba.

Batun salla ma addini bai ƙuntata ba. A mazhabar Malikiyya, wanda larurar ke lizimtarsa mafi yawan lokaci, abin da ya fita ba ya karya masa alwala. A tambayi malami, a daina ƙaurace wa jam'i.

Ku kuma 'yan'uwa na Maraɗi, Kano da Katsina, ba kowane jini a bayan gida ne basir ba. A daina shafe watanni ana shan jiƙo, a je a duba. A nan Amurka tun 2021 aka mayar da shekarun fara gwajin hanji zuwa 45.

Kawu dai ya faɗa wa likitansa gaskiya. Yanzu muna zuwa Juma'a tare, yana zama sahun baya kusa da ƙofa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.