Wanda Ya Taɓa Shan Ƙwaya, A Danƙa Masa Amanar Tsaro?

Tun da 'yan bindiga suka auka wa Tabanni ta ƙasar Gandi a shekarar 2018, sa'an nan suka yi ɓarna a kasuwar Goronyo cikin Oktoba 2021, mutanen Raba da Wurno da Goronyo ba su da zance sai na tsaro. A shekarar 2024 Gwamna Ahmad Aliyu ya ƙaddamar da rundunar masu tsaron al'umma ta Jihar Sakkwato, ga kuma soja da 'yan sanda suna ɗaukar samari lokaci-lokaci. To, idan saurayi ya fito daga Tursa yana neman wannan aiki, alhali ya taɓa shan wiwi ko tiramadol a ƙuruciyarsa amma ya bari, shin a karɓe shi ko a kore shi?

Tambayar ba ƙarama ba ce. Binciken da aka yi a shekarar 2018 da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna mutum miliyan 14.3 a Nijeriya sun sha miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda. Idan aka ce duk wanda ya taɓa, an rufe masa ƙofa har abada, lalle za a zubar da samari masu yawa, kuma wanda ya bari zai ga barinsa bai amfane shi da kome ba. Idan kuwa aka karɓi kowa ido rufe, an ba kura ajiyar nama. Mashayi a hannun dillalinsa yake, wanda kuma ke hannun wani ba ya riƙe asirin inda dakaru za su kwana.

Janar Buba Marwa, da ya karɓi shugabancin hukumar NDLEA a shekarar 2021, ya dage a riƙa gwada masu neman aiki. Madalla. Sai dai gwajin fitsari labarin 'yan kwanaki kaɗai yake bayarwa. Tiramadol da kodin sukan fita daga jiki kafin mako ya zagayo, wiwi kuwa kamar wata guda ga wanda ya yawaita. Mai wayo ya yi haƙurin wata ɗaya ya wuce.

A Amurka, kafin a bari mutum ya ga asiran gwamnati, akan tambaye shi a rubuce abin da ya sha cikin shekara 7 da suka wuce. Mai sha a halin yanzu ba shi samu. Wanda ya bari tun da daɗewa, ya rabu da abokan shaye-shaye, ya sa hannu ba zai koma ba, ana iya yarda da shi. Wanda ya ɓoye aka gano, laifinsa ya fi na shan nauyi.

Wannan ma'auni ya kamata hukuma ta ɗauka. A yanke shekarun bari, a sanar da kowa. A tambayi mai nema a fili, sa'an nan a nemi shaidar mai unguwa da hakimi, domin mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Bayan an ɗauke shi a ci gaba da gwaji ba da sanarwa ba. Su kuma masu ba da shaida su tuna, wanda suka rufa wa asiri don zumunta, ƙofar gidajensu zai tsare da dare.

Haza wassalam.