Mu Ɗaura Kaya, Mu Kwana a Gashaka-Gumti!

'Yan'uwana maza da mata, ku tashi mu je mu ga dutsenmu!

Dutsen da ya fi kowane dutse tsawo a Najeriya yana jihar Taraba, a kan iyakarmu da Kamaru. Sunansa Chappal Waddi, wasu kan ce Gangirwal, tsawonsa mita 2,419. Yana cikin Gandun Dajin Gashaka-Gumti, gandun da ya fi kowanne girma a ƙasar nan, mai faɗin da ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya ratsa Taraba da Adamawa. Tun 1991 gwamnatin tarayya ta keɓe shi. To mu nawa ne muka taɓa taka ƙafa a cikinsa?

Baƙi na ƙetaro teku su zo su kwana a ƙasa don su ga birin cimfanzi. Mu da abin yake ƙofar gidanmu, sai mu ce yawon buɗe ido na masu hannu da shuni ne. Wa ya gaya mana? Talaka ma zai iya zuwa. Ɗalibi zai iya. Malamin makaranta zai iya. Abin da ake bukata shiri ne da haɗin kai.

Ku haɗu, ku shida ko ku goma. Ku yi adashi na wata biyu. Ku ɗauki shatar mota ɗaya daga Jalingo, ku bi ta Bali har Serti, inda hedkwatar gandun take. A Serti akwai masaukai masu sauƙin kuɗi, hukumar gandun ma tana da ɗakunan saukar baƙi. Ku raba ɗaki, ku raba kuɗin. Ku ci tuwon garin, ku sayi ayabar garin, ku sha shayi wurin mai shayin garin. Kuɗin da kuka kashe a nan shi zai sa ɗan Serti ya ga amfanin dajin nan a tsaye, da bishiyoyinsa da namunsa.

Amma daɗin tafiyar yana cikin tanti. Ku ari tanti idan ba ku da shi. Ku riƙe tabarma, gidan sauro da tocila. Ku riƙe bargo mai kauri da rigar sanyi, domin sanyin kan duwatsun nan ba wasa ba ne, ɗan Sakkwato ma ya ji da kyau! Guzuri kuwa mun gaje shi kaka da kakanni: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, kilishi, dabino. Ku ƙara da ɗan risho da tukunya. Ku tafasa ruwan rafi kafin ku sha. Ku sa riga mai dogon hannu saboda tsando. Ku nemi takalmin da zai jure dutse, ku bar silifa a gida.

Ku je da rani, daga Disamba zuwa Maris. Da damina koguna na cika, hanya na yankewa.

Ba dole sai kun hau ƙololuwar Chappal Waddi ba, wannan tafiyar kwanaki ce a ƙafa, ta masu juriya. Ku kwana kusa da ƙauyen Gashaka, ku ga kangon sansanin da Jamusawa suka bari. Ku je bakin Mayo Kam inda dorinar ruwa ke zama. Dajin nan gidan ɓauna ne da gwanki da bika, ga tsuntsaye ɗaruruwan iri. Ruwan da ke gangarowa daga duwatsunsa yana cikin abin da ke ciyar da kogin Binuwai, wanda manoma da masunta ke rayuwa a kansa.

Shi ya sa nake roƙonku, don Allah, ku shiga da ladabi. Ku fara zuwa ofis. Ku biya kuɗin shiga. Ku tambayi halin tsaron hanya kafin ku bar gida. Kada ku kutsa daji sai da jami'in gandun a gabanku, kuma ku kafa tanti inda ya nuna muku. Jami'an nan suna fama da masu saran madobiya, da masu farauta ba izini, da masu haƙar ma'adinai ta ɓarauniyar hanya. Zuwanku ƙarfafa musu gwiwa ne.

Kada ku bar wuta tana ci. Kada ku yar da leda. Kada ku sare ko reshe. Kada ku sayi naman daji. Ku gaida Fulanin da za ku tarar a rugagensu, ku nemi izini kafin ku ɗauke su hoto.

Shugabannin makarantu, ku kai ɗalibai! Ƙungiyoyin matasa, ku sa tafiyar nan a tsarin bana! Iyaye mata, ku haɗa zumuntarku ku je, ku ma naku ne! Yau ɗin nan ka kira abokanka. Yau ɗin nan ki buɗe adashin. Ku tsayar da rana, ku nemo tanti, mu haɗu a Serti in Allah ya yarda!