Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are



Manoman rani na Bunkure da Kura suna kuka da dogaro da fetur. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, manomin da gonarsa ke nesa da magudanar ruwan madatsar Tiga ba ya shayar da shinkafa ko tumatir sai ya cika jarka ya tayar da inji, kuɗin mai kuma ya cinye ribar.

Isar da ruwa gonaki nauyi ne da ke wuyan hukumar. Don haka manoma suna roƙon a yashe magudanai daga yashi da kacala, a gyara ƙofofin ruwa, a kuma samar da injinan ban-ruwa masu amfani da hasken rana bisa rance mai sauƙi.

Wassalam,
Wasu manoman rani, Bunkure